Kududdufin da Totuwar Masara Ta Ceta

Akwai wani malamin makaranta a Gyaɗi-Gyaɗi, cikin Kano, ana ce da shi Malam Misbahu. Labarin ƙasa yake koyarwa a wata sakandaren maza da ke Tarauni. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan duban ƙasa idan yana tafiya, har wasu suka ɗauka kunya ce, alhali kuwa karatun ƙasar yake yi.

Bai taɓa yarda kalma ta zauna a kan allo kurum ba. Idan ya ce tudu, sai ɗalibai sun hau shi da ƙafafunsu. Idan ya ce kwari, sai sun gangara. Zaizayar ƙasa kuwa a gindin katangar makaranta ya nuna musu ita, inda ruwan indararo ya yi ta cin gini shekara da shekaru.

A shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi ragamar mulki, unguwar ta sami sabon kansila, Alhaji Isyaku. Tun ranar da aka rantsar da shi bai ƙara amsa gaisuwar da ba a haɗa ta da "Onarabul" ba.

To, a tsakiyar unguwar akwai wani tsohon kududdufi, ramin da magabata suka haƙa suka ɗebi ƙasar gina gidajensu. Kansila ya shelanta cewa zai cike shi ya gina shaguna, domin talaka ya ɗanɗani romon dimokuraɗiyya. Ya ce ramin ba ya haifar da komai sai sauro da wari, ga haɗarin yara. Maganar gaskiya, bai yi ƙarya a nan ba, shi ya sa jama'a suka yi masa tafi.

Malam Misbahu kaɗai ne hankalinsa ya tashi. Ya san dukkan ruwan saman da ke sauka a unguwar nan yake taruwa. Ya kuma san idan aka rufe ramin, wuri mafi kwari da ya rage shi ne layin da ke bayansa, inda gidajen ƙasa suke jere, ciki har da na mahaifiyarsa, Inna Kulu. Ginin ƙasa kuwa ba ya kwana biyu da ruwa a gindinsa.

Ya sami kansila a majalisarsa, ya gaishe shi da ladabi, ya yi bayanin gangare da magudanar ruwa dalla-dalla. Alhaji Isyaku ya saurara yana kaɗa makullin mota, sa'an nan ya ce, "Malam, ni jama'a ce ta zaɓe ni. Kai wa ya zaɓe ka? Koma aji ka ci gaba da koya wa yara sunayen kogunan da ba za su taɓa shan ruwansu ba."

'Yan majalisa suka bushe da dariya. Daga ranar suka laƙaba masa Malam Gangare, har yara na faɗa idan ya wuce a kan kekensa. Ba da jimawa ba motocin tifa suka fara juye bola da ɓaraguzai a bakin ramin, ga damina ta kankama.

Inna Kulu ta ce masa ya bar wa Allah, wai ba a ja da mai mulki. Ya ce da ita shi ma ga Allah ya dogara, amma Allah ne ya ba shi ilimin, kuma zai tambaye shi abin da ya yi da shi.

Sai ya tara ɗalibansa mazauna unguwar, ya umarce su su bi masu gasa masara su tattaro totuwa. Suka rina ta kala-kala: ja ta layin masallaci, shuɗiya ta layin kasuwa, rawaya ta layin gidan kansila. Ya ce duk ranar da hadari ya haɗo, kowa ya tsaya a saman layinsu, da zarar ruwa ya fara gudu ya saki tasa, ya bi ta da ido.

Wata Asabar da azahar aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke, Malam Misbahu ya tafi wurin mai unguwa, Baba Lawan, ya roƙe shi ya taka zuwa bakin kududdufi tare da dattawa. Aka aika wa kansila, ya iso yana tattare babbar rigarsa saboda caɓi.

Ga totuwa nan birjik a kan ruwa, ja da shuɗiya da rawaya, sun taru kamar an kira su taro. A ɓangaren da aka riga aka cike kuwa, ruwa ya rasa mashiga, ya karkata ya bi layin baya, yana lasar dokin ƙofar Inna Kulu, da jajayen totuwa suna yawo a kansa.

Kansila ya ce wasan yara ne kawai. Malam Misbahu ya dubi wani ɗalibinsa mai suna Junaid, ya yi masa ishara.

Junaid ya durƙusa ya gaida dattawa, ya ce, "Baba, layukan nan duk a kan tudu suke, nan ne kwarinsu. Ruwa gangare yake bi, ba ya bin umarni. Wanda ya taru a nan, wani sashe rana ce ke mayar da shi tururi ya koma girgije, wani kuwa ƙasa ke tsotsewa ya zama ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi muke ja a rijiyoyinmu. In aka rufe ramin, da damina ambaliya, da rani ƙishirwa."

Wani dattijo ya ce shi dai tun yana yaro yake ganin kududdufin nan, amma yau ne ya san aikinsa. Wani kuma ya tuna wa kansila, cikin murya mai sanyi, cewa zamanin soja ya wuce, kuma mutanen layin baya ma suna da ƙuri'a.

Baba Lawan ya karɓi buta daga hannun wani, ya miƙa wa kansila. Ya ce, "Onarabul, kai jama'a ta zaɓa. Bismilla, zuba ruwan nan a ƙasa, ka umarce shi ya hau tudu. In ya hau, gobe mu da kanmu za mu taya ka cike ramin."

Alhaji Isyaku ya dubi butar, ya dubi jama'a, ya dubi ruwan da ke ƙofar tsohuwa. Ya ajiye butar a hankali, ya juya wajen malamin, ya ce, "Malam Misbahu, to yaya za a yi da sauron?"

A nan tsaye malamin ya zana musu taswira a ƙasa da tsinke: a kwashe bolar, a share ciyawa, a kewaye ramin da katanga saboda yara, a gyara magudanan da ke shigo da ruwa. Motocin da suka kawo bola su suka dawo suka kwashe ta. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, amma ta wuce ba tare da ko bango ɗaya ya faɗi a layin baya ba, Inna Kulu kuwa ta ci tuwon sabuwar dawa a cikin ɗakinta.

Darasi: Ya ku ma'abota wannan shafi, kada ɗalibi ya raina kalmar da aka koya masa a aji, domin tudu da kwari da gangare suna nan a ƙofar gidan kowa. Mai mulki kuma ya sani ƙuri'a ba ta sauya tsarin da Allah ya yi wa ƙasa, kuma mai ilimi ya yi haƙuri da izgili, ya bar hujja ta yi magana. Ku isar da wannan ga 'ya'yanku da malamansu, har ma da kansilan unguwarku.