Ɗorin Da Ba A Kwancewa

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki da ya gaji wata doka daga kakanninsa. Dokar ta ce duk mai ƙarar wanzami ko ungozoma ko maɗori, kada ya je gaban alƙali, ya kai kukansa wurin sarkin sana'ar, wai don alƙali bai san ƙashi da jijiya ba. Maɗoran garin kuma suna da tasu al'ada: ba mai kwance ɗorin da wani ya ɗaura, sai da izinin sarkinsu.

Ana nan sai wani magini, Jatau, ya faɗo daga kan soro ya karye a ƙwauri. Matarsa Lantana ta kira wani saurayin maɗori mai suna Barau. Ya ɗaura karare, ya tamke su tamau kamar mai ɗaurin itace, ya yi tafiyarsa. Ƙafa ta kumbura, yatsu suka yi baƙi, ɗaki ya fara wari.

Lantana ta bi gidajen maɗora ɗaya bayan ɗaya. Kowa ta durƙusa wa sai ya ce, "Baiwar Allah, ba ɗorina ba ne, ba ni taɓawa." Ta je wurin alƙali, ya ce doka ta ɗaure masa hannu. Ta je wurin Sarkin Maɗora, ashe Barau ɗan cikinsa ne. Ko leƙa ƙafar bai yi ba, ya ce, "Zafin ɗori ne, ki yi haƙuri." Haƙuri fa! Mutum yana ruɓewa da ransa.

Da ta ga Jatau ya fara sambatu bai gane ta ba, tsoro ya gama kama ta. Ta tare Waziri Gambo a hanyar fada, ta riƙe linzamin dokinsa tana kuka. "Ranka ya daɗe, ko ka sa a kwance, ko ka sa a haƙa masa kabari, don ni na rasa ƙofar da zan buga."

Waziri ya sa aka ɗauko Jatau zuwa fada, aka lulluɓe shi da alkyabba, ƙafar kaɗai aka bari a waje. Ya sanar da Sarki, sannan aka kira Sarkin Maɗora.

Waziri ya ce, "Wani na jikin Sarki ne ya karye a hanya, aka ɗora shi a can. Me ka gani?"

Tsoho ya sunkuya, nan take ya zabura. "Subhanallahi! A kawo wuƙa! Allah ya ba ka nasara, wanda ya yi wannan ɗauri ya kashe ƙafar nan. Bai kamata ya sake taɓa ƙashin ɗan Adam ba."

Ya yanke igiyar da hannunsa. Waziri ya yaye alkyabba, Lantana ta fito daga bayan dogarai. Tsoho ya dube ta, ya gane ɗorin ɗansa Barau ne ya yanke.

Sarki ya ce, "Kai ka yanke wa ɗanka hukunci, mu kuwa mun tabbatar. Daga yau ba mai shari'ar ɗan gidansa. Ƙarar mai magani za ta je gaban mutum uku: alƙali, da masanin sana'ar daga wani gari, da wanda ya taɓa shan wuya a hannun masu magani. Ɗori kuwa, duk wanda ya ga zai yi ɓarna ya kwance, a yi shari'a daga baya."

Jatau ya rayu, amma ƙafar ba ta tsira ba, sai da aka yanke ta daga gwiwa. Jatau ɗin ne Sarki ya naɗa na uku a cikin masu shari'ar. Ranar zamansu na farko, wata mata ta shigo da 'yarta hannu a kumbure, aka kwance ɗorin da aka yi wa yarinyar kafin a tambayi sunanta. Lantana tana tsaye a bakin zaure, riƙe da sandar mijinta. Ta yi wa matar murna har zuci, sannan ta juya ga bango ta yi kuka.