Jakar Afiniki a Kan Benci

Ran Laraba, sha bakwai ga watan Yuli na shekarar 1985, gari ya waye da yayyafi, irin wanda ba ya ɗaukewa, ba ya kuma zama ruwan kirki. A wannan safiya, a wani gari da ke gindin duwatsu, akwai wata mace mai suna Afiniki zaune a ƙofar ɗakinta da littafi a cinya, ta rasa gane abin da take karantawa.

Afiniki malamar firamare ce. Bayan 'ya'yanta sun tasa, sai ta koma neman ilimi ta hanyar gidan waya. Ana aiko mata da darasi daga birni, ta yi aikin, ta mayar a ambulan. A wannan zango an ba su wani tsohon littafin Turanci. Labarin waɗansu mutane ne masu tsananin addini, waɗanda suka ƙetare teku domin su kafa garin da ba za a yi zunubi a cikinsa ba. Da aka kama wata mace a cikinsu da laifin zina, dattawansu suka sa aka shafa wa ƙofar gidanta baƙin fenti, don duk mai wucewa ya sani.

Turancin littafin ba irin wanda Afiniki take koya wa yara ba ne. Ta ja layi a ƙarƙashin kowace kalma mai wuya, har shafuka suka yi baƙi da fensir. In ta nemi kalma a ƙamus, sai ƙamus ya fassara mata ita da wata kalmar da ba ta sani ba, ta bi wannan kuma, ta bi ta gaba, har ta manta wadda ta fara nema. Sa'an nan takardar darasi ta ce kowane abu a littafin alama ne. Ƙofa alama ce, rijiya alama ce, har tsuntsun da ya sauka a kan rufi ba banza ya sauka ba.

Tambayar da za ta amsa ta aika kuwa ita ce ta fi rikita ta. A littafin, bayan shekaru, dattawa sun tsaya a gaban jama'a sun ce laifin matar ya wuce. Duk da haka, kowace shekara in fentin ya koɗe, matar da kanta take ɗaukar buroshi ta sāke baƙanta ƙofarta. Tambayar ta ce, me ya sa?

Mijinta Habila ya fito yana neman lema. Ya leƙa littafin ya ce, “Maman Tabita, har yanzu kina bakin ƙofar nan? Ƙila fenti ne ya rage mata, ba ta so ya lalace.”

“Baban Tabita, don Allah. Alama ce.”

“To, kazar nan da ta shiga madafa fa, alamar me ce?”

“Alamar ba ka gyara ƙyauren ba,” in ji ta. Ya yi dariya ya fita.

Ta riga ta tambayi Baba Pasto ran Lahadi. Ya ce tuba ce ta gaske. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, ko kuwa girmankai ne, matar tana so ta kunyata garin. Takardar darasi kuma ta kawo ma'ana ta uku wadda ba ta yi kama da ɗaya daga cikinsu ba. Afiniki ta ji kamar kowa yana da gaskiya, ta kuma ji kamar babu mai ita.

Amma ba littafin kaɗai ne yake damunta ba. Tana da ƙanwa mai suna Keziya. Tun suna 'yan mata suke zama kusa da juna a majami'a, a wani benci na gaba, gefen taga. Keziya ta haifi 'ya ba aure, ikilisiya ta sa ta a horo. Bisa ga al'adar wurin, wanda yake horo ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a, ba ya waƙa tare da mawaƙa, a bencin ƙarshe kusa da ƙofa yake zama. Keziya ta karɓa, ba ta yi gardama ba. Da kwanakin horo suka cika, dattawa suka kira ta gaba, ta durƙusa aka yi mata addu'a, aka sanar cewa an maido ta. Jama'a suka amsa da amin. Sai Keziya ta tashi, ta tsaya kaɗan tana duban benci-benci, sa'an nan ta koma bencin baya ta zauna.

Haka ta yi Lahadi ta gaba, da ta gabanta, har damina ta zagayo. Ƙarshe ta ɗaure kayanta, ta goya 'yarta, ta ce za ta koma wurin gwaggonsu a Kafanchan. A tasha Afiniki ta riƙe ta ta ce, “Keziya, an gafarta miki. Me kuma ya rage?”

Keziya ta ce, “Yaya, bar ni in tafi. Na gaji da kallon ƙeya.”

Afiniki ba ta gane maganar ba. Ta sha ɗaukar alkalami za ta rubuta mata, ta ajiye, gama ba ta san ko haƙuri za ta ba ta ko faɗa za ta yi mata ba. Yanzu kuma wata mai sayar da citta ta kawo labari cewa a ƙarshen watan nan Keziya za ta bi wata mai abinci zuwa Ikko. Wanda ya tafi can kuwa, ba a cika sanin inda ya sauka ba. In Afiniki tana da abin faɗa, sai ta faɗa kafin wata ya mutu. Ita kuwa ba ta san abin faɗar ba.

Da yake makaranta tana hutu, gida kuma ya cika da hayaniyar yaran maƙwabta da ruwa ya hana fita, sai ta ɗauki littafin da ƙamus da jakarta, ta tafi majami'a, inda babu kowa ran Laraba. Ta wuce kai tsaye zuwa bencinta. Ta ajiye jakar a hannun dama, kamar yadda ta saba, ta zauna ta buɗe littafi.

Ba a jima ba ɗigon ruwa ya faɗo a kan shafin. Kwanon rufin yana yoyo ta wajen taga. Ta matsa baya, can ma yana ɗiga. Ta yi ta ja da baya da littattafanta a ƙirji, har ta kai inda yake a bushe. Sai da ta zauna ta lura bencin ƙarshe ne. Tun da aka gina majami'ar ba ta taɓa zama a kansa ba.

Ta ɗaga ido. Daga nan bagade, inda Pasto yake tsayawa, ya yi nisa. Ta tuna yadda ɗakin yake cika ran Lahadi, ta ga cewa mai zama a nan ba ya ganin fuskar kowa. Ɗankwali yake gani, da hula, da ƙeya.

Sa'an nan ta hango jakarta, can gaba, zaune ita kaɗai a kan benci, daidai wurin Keziya.

Ta san ranar da ta fara ajiye jakar a wurin. Lahadin farko ce ta horon Keziya. Wata mata ta zo za ta zauna a gurbin, Afiniki ta yi sauri ta ɗora jaka, don kada kowa ya gaje wurin ƙanwarta. Ba ta faɗa wa kowa dalili ba, gama ita ba mai yawan magana ba ce. Kowace Lahadi jakar tana nan tana tsaron wurin. Ranar da aka maido da Keziya ma tana nan. Afiniki ta sunkuyar da kai a ranar, don kada ta kalli ƙanwarta ta ƙara mata kunya, tana jira Keziya ta iso kafin ta ɗauke mata jakar. Keziya kuwa ta tsaya ta duba, ta ga Yayarta ba ta ɗago ba, ta ga jaka a wurinta.

Daga gaba, jakar tana cewa, wurinki yana nan. Daga baya, abin da take faɗa dabam ne.

Afiniki ta daɗe a zaune, ruwa yana ɗiga a siminti. Can ta jawo littafin ta koma babin da matar take shafa fenti. A ƙasan shafin akwai waɗansu layuka da suka rage fari tas, babu fensir a kansu. Ta sha wuce su, domin babu kalma mai wuya a ciki, ba ta ga abin nema a ƙamus ba. Cewa suka yi, hanyar da ta taso daga titi zuwa ƙofar matar ciyawa ta rufe ta, har ba a gane an taɓa yin hanya a wurin.

Ta karanta, ta sāke karantawa. Har yanzu ba za ta iya rantsewa ko tuba ce ko girmankai ya sa matar ɗaukar buroshi ba. Amma ta ga cewa an sanar da gafara a gaban jama'a, ba wanda ya taka zuwa ƙofar.

Ta yage takarda daga cikin wadda ta tanada don amsar darasi, ta rubuta a kan cinyarta:

“Keziya ƙanwata, yau na zauna a bencin baya, na ga abin da kika yi ta gani. Jakar nan wurinki nake tsare miki da ita tun ranar farko. Ban faɗa miki ba, ban kuma ɗauke ta ba ranar da ya kamata. Ki gafarta mini. Kada ki tafi Ikko sai mun ga juna. In kin zo, ni zan zo baya in zauna kusa da ke, har ranar da za ki ce mu tashi.”

'Yan'uwana, ga abin da misalin nan yake nufi a gare mu.

Littafin da Afiniki take fama da shi kamar maganar Allah ce a hannunmu. Da yawa a cikinmu mun iya manyan kalmomi. Mun san tuba, mun san alheri, mun san fansa, za mu iya yin gardama a kansu har rana ta faɗi. Wannan ba laifi ba ne, karatu abu ne mai kyau. Amma sau da yawa layin da ya shafe mu shi ne wanda muke tsallakewa don ya yi sauƙi. Je ka wurin ɗan'uwanka. Babu kalmar da za a nema a ƙamus a nan, shi ya sa ba mu ja masa layi.

Jakar kuwa ita ce ƙaunar da muka riƙe a zuci ba mu furta ba. Afiniki ba muguwa ba ce. Ta ƙaunaci ƙanwarta, ta yi mata addu'a, ta tsare mata wuri. Amma wanda ya fāɗi ba ya ganin zuciyarmu, abin da ke kan benci yake gani. Mu da muke gaba muna cewa ai ya sani. Bai sani ba. Mai jin kunya yakan karanta kowace alama a kan kansa, shirunmu ma yakan zama masa hukunci.

Ban ce horo ba shi da wuri a ikilisiya ba. Amma dattawa za su iya sanar da gafara da baki, ba za su iya matsawa a kan bencinka ba. Wannan aikinka ne, aikina ne. Ubangijinmu da ya gafarta wa masu zunubi bai tsaya daga nesa yana sanarwa ba. Ya shiga gidajensu, ya ci abinci tare da su, har aka yi ta gunaguni a kansa. Saboda haka, Lahadi mai zuwa, kafin a fara waƙar farko, ki waiwaya, ka waiwaya. Ku dubi wanda yake kusa da ƙofa, sa'an nan ku dubi abin da kuka ajiye a gefenku.

Za ku tambaye ni ko Keziya ta dawo. Misalin bai kai can ba, gama gafarar da muka yi jinkirin kaiwa ba kullum take tarar da mutum a gida ba. Abin da ya faru a wannan Laraba shi ne, Afiniki ta tashi ta je gaba ta ɗauke jakarta, wadda yoyo ya riga ya jiƙa. Ta bar amsar darasin ba a rubuta ba. Ta fita cikin yayyafin, ta bi ta bayan kasuwa zuwa gidan waya, ta rubuta sunan Keziya da na gwaggonsu a bayan ambulan, ta manna kan sarki. Ta tsaya a gaban akwatin wasiƙu. Sa'an nan ta sake wasiƙar, ta ji faɗuwarta a ciki.