Gawayin Ƙashi da Gawayin Icce

An yi wani mutum a wani ƙauye na ƙasar Kunci, ba zan faɗi sunansa ba, bai cancanta ba. Ruwan burtsatsen garinsu yana da wani sinadari, filoraid, mai rina haƙoran yara, in ya yi yawa ya lanƙwasa ƙashi. Ma'aikatan lafiya suka kafa durom biyu, gabas da yamma, suka cika su da gawayin ƙashin shanu, wanda ke kama sinadarin ruwa ya fito lafiya. In gawayin ya ƙoshi sai a canza. Wannan mutum aka damƙa wa amanar canzawa.

To, yana da ƙulli da maƙwabcinsa Buwai na unguwar yamma, a kan wata ɗorawa da ke iyakar gonarsu, wadda mai gari ya bar wa Buwai. Ɗorawa ɗaya tak, jama'a! Ya rantse sai ya rama.

Ranar canji ya zuba na ƙashi a durom ɗin gabas, wanda gidansa ke sha. Na yamma kuwa ya dandaƙa gawayin icce, wanda ba ya kama sinadarin, ya ɗura. Wa zai gane? Baƙi ne da baƙi, ruwa kuma garau yake fitowa. Shekara biyar yana wannan aika-aika, yana gaisawa da mutane.

Yana da 'ya guda, Ummukulthum, wadda ya samu bayan furfura. Da ta yi famfara, sababbin haƙoran suka fito ja kamar na mai cin goro. Ƙafafunta suka soma gwamewa. Ya daka wa matarsa tsawa, wane ruwa take ba yarinyar?

Ta ce, "Malam, tun da na kwanta ciwon baya, Keziya matar Buwai ke cika mana randa daga durom ɗin yamma kullum da safe. Na ɓoye maka ne don na san ba kwa shiri."

Da bakinsa ya tona kansa, yana ihu a tsakar gida har maƙwabta suka ji. Aka buɗe durom ɗin yamma aka gani. Yara tara na unguwar yamma suka samu tabo, saboda ɗorawa! Aka ƙwace makullin durom ɗin daga hannunsa. Ba mai amsa sallamarsa, ba mai zuwa masa gayya. Yau shi ke goya Ummukulthum zuwa makaranta, ta gaban durom ɗin, tana tambayarsa, "Baba, yaushe zan iya gudu?"

Ya 'yan uwa, yarinyar nake wa kuka. Shi kam wallahi ban tausaya masa ba, kuma saura na lahira. Duk wanda ya ci amanar ruwan jama'a don huce haushi, ya sani bai san randar da ruwan zai shiga ba.

Allah ya ba yaran nan lafiya, ya saka musu. Allah ya kiyaye mu da ƙullin zuciya.