Baitin da Nevzat Ya Yanke

Akwai wani mawaƙi da ake kira Nevzat, mutumin wani ƙauye a gefen Kars, wanda ya shafe shekara goma sha tara yana yawo da saz, wani irin molo mai dogon wuya, a kafaɗa. Tsakanin Kars da Sivas babu gidan shayin da bai zauna ya kaɗa ba, babu irin bikin da ba a kira shi ba. An san muryarsa, amma irin sanin da ake yi wa mai kawo burodi: ana murnar zuwansa, ba a damu da sunansa ba.

Kiɗan da waƙar duk a hannun mutum ɗaya ya koye su, wani tsoho mai suna Zulkuf, wanda ake kira Usta, wato babban gwani. Shekara bakwai ya yi a gidansa yana cin abin da suka ci. Zulkuf da matarsa Hanife Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka riƙe Nevzat kamar ɗan cikinsu.

Mawaƙin saz ba a takarda yake ajiye sunansa ba, a baitin ƙarshe yake ajiye shi. In ya gama amayar da abin da ke ransa, sai ya ambaci kansa, ya ce wane na cewa kaza. Duk wanda zai rera waƙar a bayansa, ko bayan shekara ɗari ne, sai ya kai ta har wannan baitin. Wannan shi ne abu na farko da Zulkuf ya koya wa Nevzat, tun kafin ya bar shi ya taɓa tsirkiya.

Shi Zulkuf bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba. Ba shi da faifai, ba shi da ɗa. Abin da ya mallaka da zai rage bayansa, sunan nan ne da ke ƙarshen waƙoƙinsa.

Ana nan sai Allah ya buɗe wa Nevzat ƙofa. Wani kamfani a Istanbul ya yarda zai fitar masa da albam na farko. Waƙa goma sha ɗaya ya kai musu. Goma nasa ne, ɗaya ta Zulkuf ce, mai suna “Gauraki”, wadda tsohon ya yi shekarar da ƙanensa ya tafi aiki Jamus bai dawo ba.

Mai kula da aikin wani matashi ne ɗan birni mai suna Tolga, wanda ba ya rabo da waya a kunne. Da ya saurari “Gauraki” sai ya cire tabarau ya goge ido.

“Yaya Nevzat, wannan ita ce albam ɗin, sauran 'yan rakiya ne. Amma minti shida da rabi? Haba! Wane gidan rediyo ne zai zauna jiranka? Kafin ka kai ƙarshe direban tasi ya murɗa wata tashar. Mu cire baitin ƙarshe.”

“Ba a cire wannan,” in ji Nevzat. “Sunan Usta ne a ciki.”

“To mu rubuta shi a bayan kwalin faifan mana. Wa ya ce za a ɓoye shi? Yaya, shekararka nawa kana waƙa don kofin shayi? Dama ce ta zo har gida.”

Nevzat ya tuna motocin haya da sanyin Erzurum da takalminsa da ya sha ɗinki. Sai ya ce wa ransa, ai ban ce tawa ce ba. Da wannan ya lallashi kansa, aka yanke baitin.

An kuwa rubuta sunan Zulkuf a bayan kwali, da ƙananan haruffan da sai mai ido ya matso. Amma wa ke sayen kwali yanzu? Kowa a waya yake saurare.

Waƙar ta tashi fiye da yadda kowa ya zata. A shagon aski ita ce, a motar haya ita ce. Aka fara kiran Nevzat hira. Karon farko da aka tambaye shi yadda ya tsara ta, ya ce, “Daga manya muka gada.” Karo na biyu ya ce, “Irin wannan daga zuciya take fitowa.” Kafin karo na biyar, mutumin naku har ya samo labarin ranar da ya tsaya bakin tafki yana kallon gauraki suna ƙaura. Ƙarya ba ta shiga da ƙarfi, lallaɓowa take yi.

A tsakiyar hunturu aka aiko masa cewa Zulkuf ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya aika da magani da rigar sanyi da doguwar gaisuwa, amma bai je ba. Ya ce aiki ne ya riƙe shi. Gaskiyar magana, kunya ce.

Da bazara ta shigo aka shirya masa zagayen tallata albam: Ankara, Sivas, Erzincan, Erzurum, a rufe a Kars. Ko'ina zaure ya cika, ko'ina sai an sa shi ya maimaita “Gauraki”.

Washegarin wasan Erzurum, da hantsi, ya shiga wani gidan shayi da ya saba kaɗawa a da. Aka tashi ana gaishe shi, ana ɗaukar hoto. Wani dattijo kuwa yana can lungu bai motsa ba, ya saƙale ƙwayar sukari a kumatu yana kurɓar shayinsa. Da hayaniya ta lafa sai ya ɗaga murya.

“Ɗan'uwa, tambaya gare ni. Waƙar gaurakin nan marainiya ce?”

“Kamar yaya, Baba?”

“Jiya sau biyu ka rera ta, na kasa kunne ban ji mai ita ba. Na ce ko an binne shi ne ba a gaya mana mun je jana'iza ba.”

Wasu suka yi dariya. Nevzat ya yi irin tasa, ta yaƙe.

“Ni a bakin Zulkuf na ji ta,” in ji dattijon, “a nan inda kake zaune, lokacin ko gashin baki ba ka yi ba. Sha shayinka, kada ya huce.”

Shayin bai shawu ba. Nevzat ya ɗauki saz ɗinsa, ya ce wa Tolga su haɗu a Kars gobe, ya hau motar ƙauyensu.

Da la'asar ya isa. Ya tarar da Hanife a tsakar gida tana watsa wa agwagi hatsi. Ta dube shi daga hula har takalmi.

“A'a, mutumin talabijin! Ɓatan hanya ka yi?”

Ya durƙusa ya sumbaci hannunta ya ɗora a goshi. “Inna, ki yi haƙuri.”

“Ni me ka yi min? Ka yi ƙiba ma, Istanbul ta karɓe ka.” Ta kakkaɓe hannu, ta rage murya. “Kafin ka shiga, tsaya ka ji. Wata huɗu ke nan Ustanka bai haɗa magana guda cikakkiya ba. Kalma ɗaya, kalma biyu, sai ya gaji. Rediyo na gefen kansa kullum. In aka sako waƙar nan fuskarsa har haske take yi. In ta zo inda kuka tsaya, aka shiga talla, sai ya dinga buga gwiwarsa da hannun mai lafiya, bakinsa na motsi, abin ya ƙi fita. Kullum haka. Na so in ɓoye rediyon, ya hana.”

Nevzat ya shiga ɗakin a shirye yake ya sha faɗa, ko a nuna masa ƙofa.

Zulkuf na jingine da matashi kusa da murhu, ya rame, hannun dama a kwance kan cinya. Da ya ga Nevzat sai rabin fuskarsa ya yi murmushi. Ya jawo kan Nevzat ya shafa, kamar yadda yake yi masa a da. Ya daɗe yana kokawa da harshe kafin kalmomi su fito.

“Ka… manta.” Ya nuna ƙirjinsa. “Laifi… nawa.”

Nevzat ya dubi Hanife.

“Cewa yake ka manta baitin ƙarshe,” in ji ta. “Wai shi ne bai koya maka da kyau ba. Tun hunturu yake jiran ka zo ya sake biya maka.”

Da zagi aka yi masa da ya fi sauƙi. Wata huɗu tsohon nan na neman wa almajirinsa uzuri, har ya ɗora wa kansa laifin. Nevzat ya ga hanyar fita a buɗe: ya ce eh, mantuwa ce, shi ke nan magana ta mutu. Amma bakinsa ya ƙi.

“Usta, ban manta ba,” ya ce. “Yankewa na yi, da sanina. Aka ce waƙar ta yi tsawo, na yarda. Daga baya mutane suka ɗauka tawa ce, na yi shiru, har na ƙara da ƙarya. Abu na farko da ka koya min shi na fara sayarwa.”

Zulkuf ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna saz.

“Kaɗa.”

Nevzat ya gyara tsirkiya ya fara. Ya rera baiti na farko, na biyu, har na biyar. Da ya iso na ƙarshe sai kuka ya ƙwace masa. Yatsunsa suka ci gaba da kiɗa su kaɗai, babu murya.

Sai ga wata murya ta shigo, a dusashe, amma daidai kan kiɗa:

“Zulkuf na cewa, gauraki ku tafi,
Ni dutsen nan ya riƙe min ƙafa.
In an tambaye ku wa ya aiko ku,
Ku ce wani ne da bai manta ba.”

Tsohon da ya kasa cewa a ba shi ruwa ya rera baitin kaf, babu kalmar da ta faɗi. Hanife ta dire tiren shayi a ƙasa ta toshe baki da gefen ɗankwali.

“La ilaha illallahu,” ta ce tana hawaye. “Wata huɗu ina roƙonka ka kira sunana, ashe naka kake ɓoyo!”

Har shi Zulkuf sai da kafaɗunsa suka girgiza don dariya.

Washegari Nevzat ya gaya wa Tolga abin da zai yi. Tolga ya dafe kai.

“Yaya, ka haukace? A gaban mutum dubu za ka ce ka yi ƙarya? Gobe jaridu ɓarawo za su kira ka!”

“Su kira. Kai dai ka kunna na'urarka ka ɗauki duk abin da ka ji.”

Da yamma zauren Kars ya cika maƙil. Aka shigo da Zulkuf a keken marasa lafiya, sanye da rigar sanyin nan da aka aiko masa daga Istanbul. Nevzat ya tsaya gaban jama'a bai taɓa saz ba.

“Jama'a, waƙar da kuka zo ji ba tawa ba ce. Ban taɓa tsayawa bakin wani tafki ba. Ga mai ita nan. Na yanke sunansa don a san nawa, kuma na yi kuskure.”

Aka yi ta guna-guni, wani ma daga baya ya yi fito na raini. Nevzat ya fara kiɗa. Da ya zo baitin ƙarshe sai ya durƙusa ya kai makirufo bakin tsohon. Zulkuf ya rera. Kafin ya kai layi na biyu, dattawan zauren sun kama tare da shi, don su dama ba su taɓa mantawa ba.

Tolga na bayan fage yana goge tabarau, kuma wannan karon bai ce komai game da minti ba.

Jaridu biyu sun caccaki Nevzat, an kuma soke masa wasa ɗaya. Ya ji zafi, ba a cewa bai ji ba. Amma bayan wata biyu aka sake fitar da albam ɗin, “Gauraki” ta koma minti bakwai, da muryar tsohon a ƙarshe. Gidajen rediyon da aka ce ba za su jira ba suka jira. Nevzat kuma ya koma ƙauye da na'ura, yana kaɗawa Zulkuf na rerawa, har suka ɗauki waƙoƙinsa ashirin da uku, kowace da sunan mai ita a ƙarshe.

Wata safiya da kaka, Hanife na zuba shayi, Nevzat na yanka cuku, sai rediyo ya sako waƙar. Suka kasa kunne su uku har da Zulkuf. Da ta zo inda take tsayawa a da, Hanife ta saci kallon hannun mijinta. Hannun na kan gwiwa, bai motsa ba. Muryarsa ta fito daga rediyon ta kai baitin har ƙarshe.

Zulkuf ya ɗauki kofinsa ya kurɓa. Ya dubi taga, inda gauraki ke wucewa kudu, sannan ya juyo ga matarsa.

“Hanife,” ya ce a hankali. “Sun… kai saƙon.”

Darasi: Duk matsayin da ka taka, akwai wanda ya riƙe maka hannu kafin ka iya tsayuwa. Kada ka share sunansa don naka ya fito, kuma in ka riga ka yi kuskure, ka koma ka gyara tun yana da rai zai ji da kunnensa. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, ku kuma ambaci sunan wanda ya koya muku sana'arku, ku yi masa addu'a.