Matashin da Alhaji Mamuda Ke Nema

Alhaji Mamuda mai kamfanin sabulu ya kira Tabawa, wadda ta yi furfura tana tallata masa kaya.

"Talla yanzu sai yara. Samo mini ɗan shekara ashirin da biyar mai gogewar shekara talatin ya gaje ki. In kin kasa, ki tafi hannu rabbana."

Washegari Tabawa ta dawo ita kaɗai.

"Ranka ya daɗe, na samo shi. Amma ya ce ba ya aiki da tsoho, sai maigida ɗan shekara ashirin wanda ya shekara arba'in da kafa kamfaninsa."

"Kai! A ina aka taɓa haifar irin wannan?"

"Ai ƙanin wanda ka aike ni nema ne, Alhaji, uwa ɗaya uba ɗaya."

Alhaji ya shafa farin gemunsa.

"Koma bakin aikinki, Tabawa."