Irin Tuffa a Bakin Zane

Akwai wani mutum, manomi, a wata ƙasa mai nisa da tamu, inda sanyi kan daskarar da kogi har shanu su taka su haye. Gidansa yana bakin kogin nan, a ƙofar gidan kuwa akwai itacen tuffa wanda ubansa ya dasa. A inuwar itacen ya yi rarrafe, a nan ya koyi addu'a. Da ya girma aka naɗa shi cikin dattawan wata ƙaramar ikilisiya, tun furfura ba ta fito masa ba, masu bi kuma suka riƙa taruwa a gindin itacen suna sujada.

Maƙwabta ba su so ikilisiyar nan ba. Ƙiyayya ta yi ta ruruwa, har wata rana suka zo da wuta, suka ƙone rumbuna, suka ce duk mai son ransa ya bar ƙasar. Mutumin ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya ɗora garma da buhun hatsi da 'yarsa ƙarama. Har sun kama hanya, matarsa ta diro, ta koma da gudu, ta ciko kwando da tuffa. Suka yi ta ci a hanya, amma ita ba ta yar da ƙwaya ko ɗaya ba. Ta shanya su, ta ƙulle a bakin zanenta.

To, mutanen nan suna da wata al'ada a ƙaurarsu. Ba duka suka iya tashi lokaci ɗaya ba, gama akwai gwauraye, da marasa lafiya, da matalautan da ba su da shanun ja. Saboda haka duk inda na gaba suka yada zango, sai su yi huɗa, su shuka hatsi, su kewaye gonar da shinge, sa'an nan su ci gaba tun hatsin bai nuna ba, domin na baya su zo su girba. Mutumin nan shi ne shugaban masu shukar. In an gama aiki yakan je wurin matarsa, ta kwance bakin zane ta ba shi 'yan ƙwayoyi, ya binne a gefen gona.

A zango na fari zazzaɓi ya kama 'yarsu, ta mutu. Suka binne ta a gefen hanya, suka jera duwatsu saboda namun jeji, ya shuka tuffa wajen kanta. Kashegari ayari ya tashi. Uwar tana zaune a bayan amalanke tana duban wurin har tudu ya tare mata.

Bayan doguwar wahala suka isa wani kwari a tsakanin duwatsu, aka kafa gari. Mutumin ya gina ɗaki, ya shuka tuffa a ƙofa, ya ce a ransa, "Yanzu kam na zauna." Ina! Shi mutum ne da ya iya jan ruwa daga rafi zuwa gona, ya kuma iya sulhunta masu faɗa a kan ruwan. Kowa ya san jakin da ya iya ɗaukar kaya shi ake labta wa. Itacen bai kai ƙugunsa ba sai dattawan ikilisiya suka aike shi ya kafa sabon ƙauye. Ya tafi, ya haƙa hanyar ruwa, ya gina ɗakin sujada, ya shuka tuffa. Aka sāke aikensa. Haka ya yi ta yi, daga wannan kwari zuwa wancan, ƙullin bakin zanen yana ta ƙanƙancewa, shi kuwa ko sau ɗaya bai ga 'ya'yan abin da ya shuka ba.

Kewar gida ba ta taɓa sakinsa ba. Ba ya maganar rumbunan da aka ƙone, ba ya maganar gonar da aka ƙwace. Abu ɗaya yake roƙo: kafin ya mutu ya sāke sa tuffar ubansa a baki. Wani lokaci yana tsakiyar wa'azi sai ƙamshinta ya faɗo masa a rai, murya ta sarƙe, jama'a su zaci wa'azin ne ya taɓa shi.

Da ya tsufa aka bar shi ya huta a wani ƙauye. A nan ya shuka ƙwayoyi na ƙarshe, guda ɗaya ta tsira. Ya yi mata shinge saboda awaki, ya riƙa lulluɓe ta da ciyawa lokacin sanyi, shekara bi shekara. Ran nan ya fito da safe, sai ga itacen ya yi fari fat da fure. Ya kira matarsa, suka tsaya suna kallo.

Furen bai gama zuba ba, ɗan saƙon dattawa ya iso. Ya gaishe shi, ya ce, "Baba, akwai iyalai da za su gangara kudu, ƙasa ce busasshiya. In ba a ja ruwa kafin lokacin shuka ya wuce ba, yunwa za ta cinye su. An duba an duba, aka ce da tsohuwar zuma ake magani."

Kada ku zaci mutumin nan mala'ika ne. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Ashe samarin duk sun ƙare? Ku bar ni zuwa kaka mana. Kaka kaɗai na roƙa!"

Ɗan saƙon ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kafin kaka an makara."

Tsohon ya juya wajen matarsa ya ce, "Kin gani ko? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa."

Matar ta daɗe tana duban itacen. Sa'an nan ta ce, "Maigida, ni ma ina so, Allah ya sani. Amma ka tuna hatsin da muka bari a zango. Ko shi ma ba mu ji zafin barinsa ba?" Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya.

Suka tafi. Ya ja ruwan, iyalan suka rayu. Sai dai ƙasar kudu zafi gare ta, ko da akwai iri ba zai yi ba, balle bakin zanen ya riga ya zama wayam. Bayan 'yan shekaru matar ta rasu. Ƙafafunsa suka ƙi, ba damar komawa. Ya daina roƙon nan nasa, ba don ya daina so ba.

Ana nan sai wani ayari na 'yan baya ya iso ƙauyen. A cikinsu akwai wata gwauruwa da 'ya'yanta, aka sauke ta kusa da ɗakin tsohon. Ta zo gaishe shi da ɗan ƙunshi a hannu, ta ce, "Baba, ba ni da abin kirki, sai guzurin hanya da ya rage." Ta kwance, sai ga yankakkiyar tuffa busasshiya.

Ya ce, "'Yata, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Ai hanyar duk ita ce, Baba. Kowane zango akwai itatuwanta, ba wanda ya san mai su. Hatsinmu ya ƙare tun ba mu yi nisa ba. Ba don su ba, da yaran nan ban iso da su ba. Wannan ma daga babbar na tsinko, ta zangon fari. Akwai wani ɗan kabari a gindinta. Duk ayarin da ya zo yakan ƙara masa dutse, mata su share wurin. Ni ma na sa nawa."

Tsohon ba shi da haƙoran tauna. Matar ta jiƙa masa yanki ɗaya a ruwa, ya sa a baki, ya rufe ido. Hawaye suka bi gemunsa. Ya ce, "Ita ce. Ta ƙofar gidanmu ce." Can kuma ya ce, "Kabarin 'yata ne. Da ma uwarta tana nan ta ji an share wurin."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: hanyar ƙauran nan duniya ce, mu ne ayarin. Ƙwayoyin bakin zane su ne ɗan abin da Ubangiji ya damƙa wa kowannenmu, ko bangaskiya, ko sana'a, ko kalmar ta'aziyya. Na baya kuwa su ne waɗanda za su bi sawunmu, ba za su ma san sunanmu ba.

Na sha jin wani a cikinmu yana cewa, "Ni ɗan haya ne, don me zan dasa mangwaro a gidan wani?" Wata kuma ta ce, "Za a yi wa maigidana canjin wurin aiki, me zai sa in fara koyar da yara a ikilisiyar da zan bari?" To, madalla. Mangwaron da ka yi ta jifa kana yaro, kai ka dasa shi? Wadda ta koya miki addu'ar farko, ta tsaya jiran ta ga ranar aurenki ne? Dukanmu a gonar wasu muka yi girbi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da mai shi bai ga inda ya manne ba.

Sauran magana ɗaya, ita ce ta fi taɓa ni. Da tsohon ya ɗanɗana tuffar, kewarsa ba ta warke ba, ƙaruwa ma ta yi. Yanki ɗaya aka ba shi, ba a mayar masa da gidan ba, ko matarsa, ko 'yarsa. Haka kowane daɗi na duniyan nan yake, ɗanɗano ne kawai na gidan da Uba ya shirya mana. In ka ji zuciyarka tana marmarin wani wuri da ba ka iya faɗar sunansa, kada ka ji kunya, ba rashin bangaskiya ba ne. Baƙo ne ya tuna gida.

Za mu isa, da yardar Ubangiji. Amma yau muna zango, gobe ayari zai tashi, akwai kuma masu zuwa a baya da yara masu jin yunwa. Kowa ya kwance bakin zanensa.