Murfin Tabawa da Farfesun Zabi

Ku matso ku ji. Wani dagaci ya kira Tabawa mai ginin tukwane ya ce, "Gina mini murfin da ko ƙamshi ba zai fita ba. In ya fita, ki bar gari."

Tabawa ta rufe tukunya ba komai ciki, ta liƙe bakinta da yumɓu, ta kai masa. "Farfesun zabi ne, ranka ya daɗe."

Ya shinshina, ya ƙara shinshinawa. "Ban ji komai ba."

"Aikin murfin ke nan."

"Buɗe in gani."

"Ai wanda ya saki ƙamshin shi zai bar gari. Bismilla, buɗe da hannunka."

Dagaci ya haɗiye yawu, ya dubi fadawansa. "Ku kai ciki a hankali, kada romon ya zube."